Irin da ke Cikin Sumayyah

Gwarinpa, Abuja
Fabrairu

Ƙanwata Bilqis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so a can Malesiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya lau, in ban da gyambon cikina da kika sani, wanda ya zama kamar maƙwabci, ya gaishe ni da safe ya gaishe ni da yamma. Baffa Nababa yana gaishe ki. Kunnen nasa ya ƙara nauyi, yanzu ko waya ba ya ɗauka, sai an zauna kusa da shi an ɗaga murya.

An yi sadakar arba'in ɗin Uthman, kowa ya watse, an bar ni da tambaya. Ƙanina bai cika shekara arba'in a duniya ba, ba ya shan taba, ba ya shan komai, a ce wai ciwon dajin tumbi ne ya ɗauke shi. Likitoci sun yi ta zuba mana Turanci har suka gaji. Ke kuwa wannan ƙwayar cutar ta ciki ita ce karatunki, kuma shi marigayin da kansa ya yarda aka aika miki ɗan abin da aka gutsuro daga tumbinsa ranar da aka zura masa kyamara. Na san yanzu kin duba. Ke 'yar ƙanin mahaifinmu ce, ba bare ba, ba za ki ɓoye mini ba.

Kada ki kira ni a waya, ni mutumiyar ofis ce, abin da aka rubuta shi na sani. Ki rubuto mini da Hausa zalla, ba gaurayen Turanci, domin Baffa zan karanta wa, shi ne babba a dangi yanzu.

Matar tasa, Justina, tana nan a gidan hayarsu na Dutse Alhaji da 'yarsu Sumayyah. Kuka take yi kamar ita ta haife shi. Ni dai tun ranar da ya ɗauko ta daga Tungan Maje ya fara cin girkinta ban ƙara ganin ƙanina da kumatu ba. Sumayyah ta fara cewa “Baba” tana nuna ƙofa, kuma kullum sai ƙara kama take yi da Innarmu, Allah ya jiƙanta.

Yayarki,
Murja

Malesiya
Maris

Yaya Murja,

Wa alaikumus salam. Na sami saƙonki, na yi kuka kafin in iya amsawa. Ina lafiya, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Allah ya jiƙan Yaya Uthman, ya ba mu haƙuri. A gaishe da Baffa, a gaishe da Justina, a shafa mini kan Sumayyah.

Kin ɗora mini aiki, domin wannan bayanin da Turanci na koye shi, sai da na yi ta neman kalmomi. Ga shi iya ƙoƙarina.

Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbin mutum, likitoci suna ce mata H. pylori. Mutane da yawa a ƙasarmu suna ɗauke da ita ba su sani ba. Amma ba iri ɗaya ba ce. Kamar dawa ce, akwai kaura akwai farafara, duk sunansu dawa. Bambancin yana cikin rubutun halittar ƙwayar, shi ne abin da nake zama ina karantawa. Wani irin mai sanyi ne, ya zauna da mutum har tsufa bai taɓa shi ba. Wani kuma yana da abu kamar allura da yake tsikarar bangon tumbi da shi shekara da shekaru, har ya kawo gyambo, wani lokaci har daji. Wanda na samu a cikin Yaya Uthman mugun iri ne. A gida ake samunsa, ta baki yake shiga, ta abinci da yawu, yawanci daga uwa zuwa ɗa.

Ki lura da wannan da kyau: tun mutum yana ƙarami yake ɗauka, yana rarrafe ko yana tatata. Da wuya babba ya ɗauka daga matarsa. Wanda ya kashe Yaya ya daɗe a cikinsa, tun kafin ya san akwai wani gari Tungan Maje. Kuma ko mugun irin ba kowa yake kashewa ba, yana da magani in an gano shi da wuri.

Don haka ina so a gwada kowa a gidan. Abokiyar aikina Hussaina tana ɗakin gwaji a Gwagwalada, za ta karɓi ɗan bayan gidan kowa a kwalba ta aiko mini. Justina ta riga ta kai nata da na Sumayyah tun ranar da Hussaina ta kira ta. Saura ke, Yaya, kuma ke na fi damuwa da ke saboda gyambon nan.

Ƙanwarki,
Bilqis

Gwarinpa
Afrilu

Bilqis,

Barka da Sallah, da fatan kin sha ruwa lafiya. Muna nan ƙalau. Allah ya yi miki albarka, karatunki bai tashi a banza ba.

Na buga wasiƙarki a takarda a ofis, na ja layi a ƙarƙashin abin da ya kamata, na kai wa Baffa. Na zauna dab da kunnensa na karanta masa: “Mugun iri ne. A gida ake samunsa, ta abinci yake shiga, daga uwa zuwa ɗa.” Sai da ya sa na maimaita. Ya yi salati, ya ce, “Murja, wa ke ba shi abinci?” Na ce, “Baffa, ka sani.” Ya ce, “Wace uwa ce a gidan?” Na ce, “Ita ce dai.” Ya ce, “To, tun ranar ɗaurin auren na ce a binciki irinsu, ba a ji ba. A ɗauko mini jikata kafin ita ma a zuba mata.”

Ana saura kwanaki Sallah na je Dutse Alhaji da direba. Na tarar da ita tana kwashe tuwo a ɗan shagon abincinta na bakin hanya, yarinyar tana goye. Na ce zan kai Sumayyah wajen tela a gwada ta. Ita da kanta ta kwance goyon, har da saka mata takalmi, tana cewa, “Na gode, Anti.” Ban yi gardama da kowa ba, ban ɗaga murya ba. Da muka iso gida na gaya wa maigadi cewa in ta zo kada ya buɗe.

Da farko yarinyar ta wahalar da ni. Ba a yaye ta ba ashe, sai kuka, ta ƙi madara ta ƙi koko. Sai na tuna dabarar Inna. Na tauna nama ya yi laushi na sa mata a baki da bakina, yadda ta raine mu ni da Uthman. Yanzu in na zauna cin abinci sai ta zo ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Tun da ɗana Ameer ya tafi bautar ƙasa ban ji daɗin gidan nan kamar yanzu ba.

Maganar kwalba kuwa ki bar ta. Ina mataimakiyar darakta ba zan ɗauki bayan gidana a jaka in kai Gwagwalada ba.

Yayarki,
Murja

Malesiya
Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban tambayi lafiyarki ba saboda na ga kina da lafiyar da za ki raba jaririya da nono.

Wasiƙata sakin layi biyar ce, kin karanta wa Baffa rabin ɗaya. Da na ce iri, irin ƙwayar nake nufi, ba irin mutane ba, kuma kin sani, domin ba a ba ki kujerar da kike kai don ba ki iya karatu ba. Da na ce daga uwa zuwa ɗa, ɗan da nake magana a kansa Uthman ne, kuma ba Justina ce ta haife shi ba. Kin manta yadda Inna ta yi ta fama da ciki, da aman da ta yi ta yi a shekararta ta ƙarshe? Ban tabbatar ba tukuna, amma can hankalina yake.

Ki daina tauna wa yarinyar nan abinci. Yau, ba gobe ba. Ki daina ba ta da cokalinki, ki daina hura mata da bakinki. Ki mayar wa Justina 'yarta, ki koma wajen Baffa ki karanta masa sauran.

Zan faɗa miki abin da kowa a dangi ya gani ya yi shiru. Tun ranar suna kike kallon yarinyar nan kamar kayan da kika yi oda aka kai gidan wani. Gidanki ya zama daga ke sai talabijin, sai kika nemi dalili, kika same shi a bakina. Na kira Baffa ya fi a ƙirga, wayarsa tana hannunki.

Bilqis

Tungan Maje
Yuni

Anti Bilqis,

Ina gaisuwa. Yaya skul, yaya aiki? Ni Justina ne, matan Uthman. Hussaina ne ya ba ni adireshin ki. Ki yi haƙuri da Hausa na, a kasuwa na koya. Jiki na lafiya, nono ne kawai ya daɗe yana zuba, yanzu ya tsaya.

Na dawo gidan baba na. Shago na rufe. Magana ya kai Dutse Alhaji kafin ni ma in ji. Wani mata ya zo ya ce, “Ke ne mugun iri? An ce dokta ya rubuta daga ƙasan waje.” Daga ranan ba wanda ya sayi tuwo na. Masu okada da suke ci kullum, suna wucewa suna kallon gefe. Mata suna janye yara in na zo famfo. Na dafa, na zubar, na dafa, na zubar, sai na daina.

Ina zuwa Gwarinpa. Maigadi yana ce oga madam ya hana. Mutumin kirki ne, yana ba ni benci. Ranan nan mota ya fito, gilas a sauke, na ga Sumayyah a baya da riga mai kyau. Na kira shi, “Sumi, Sumi.” Ya kalle ni. Anti, ya kalle ni yadda yaro ke kallon mai talla. Sai ya ɓoye fuska a jikin Anti Murja.

Baba na Wakili ya je wurin Baffa da doya, sun bar shi a waje. Daga baya sun ce za a zauna, manya da manya, amma ba su faɗa rana ba.

Abu ɗaya nake so. Ke ne kin rubuta, ke ne kin sani. Ina ɗanɗana miya da cokali in mayar a tukunya, kowa yana yi. Shi ne ya kashe shi? In ni ne, ki faɗa mun gaskiya, zan bar yarinya a wurin su don kar ya mutu. In ba ni ba ne, ki faɗa musu da Hausa da za su ji.

Justina

Gwarinpa
Agusta

Bilqis,

Da fatan kina lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, aiki ya yi yawa, an canza mana oga. Wasiƙarki ta Afrilu ta iso. Na karanta layin farko na ga rashin kunya, na rufe, ban koma kanta ba. Wanda ya tura ki karatu bai ce ki dawo ki zagi manyanki ba.

Ba don ke na rubuto ba, don Sumayyah ne. Kwanan nan tana riƙe ciki tana kuka, ta rage ci, ko abin da na tauna mata sai ta tofar. Tafin hannunta ya yi fari. Ina jin abin da uwar ta zuba mata ne ya fara tashi. Na kai ta wajen Hussainarki an sake ɗaukar bayan gidanta. Na ba da nawa ni ma, na nannaɗe a leda baƙa kamar ɓarauniya, don kawai in rufe miki baki. In sakamakon ya fito ki rubuto da Hausa kamar wancan.

Murja

Malesiya
Oktoba

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Da fatan jikin Sumayyah da sauƙi, da naki. Na yi jinkiri saboda kwalaben sun daɗe a hanya, sannan na maimaita gwajin don kada in yi kuskure. Zan rubuta gajeru, ki karanta duka don girman Allah.

Justina tana da ƙwayar, amma nata irin mai sanyi ne, ba shi da allurar nan, kuma bai yi kama da na Yaya Uthman ba ko kaɗan. Ba ita ta ba shi ba. Na riga na rubuta mata haka.

Naki da na Yaya Uthman kusan ɗaya ne, kamar an raba goro biyu. Mugun irin yana cikinki, Yaya, tun kina goye. Shi ke cin tumbinki shekarun nan. Ba na shakka, daga bakin Inna kuka samu ku biyun, ita ma daga wani bakin da ya so ta.

Kwalbar Sumayyah ta farko, wadda uwarta ta kai a watan Maris, ba komai a ciki. Tas take. Ta biyu, wadda kika kai a Agusta, akwai ƙwayar. Na karanta rubutunta na jera da naki. Irin da ke cikin Sumayyah na gidan Inna ne, ba ta ɗauko komai daga uwarta ba. Ta shigo gidanki da ciki mai tsabta, ke kika sa mata da bakinki, loma bayan loma.

Ban faɗa don in ƙona miki rai ba, ko da yake in ya ƙone ba zan yi kuka ba. Abin yana da magani. Ki kai ta wajen likitan yara da wannan takardar, a duba jininta, a ba ta maganin da ya dace da ita, in an sha shi daidai ƙwayar mutuwa take yi, gwaji ma ba zai ƙara ganinta ba. Ke kuma ki je a zura miki kyamara, kada ki jira abin da Yaya ya jira.

Sannan ki ɗauki yarinyar nan ki kai ta Tungan Maje da kanki. Ki tsaya a gaban Baffa ki ce kin yi kuskure. In ba za ki iya faɗa ba, ki ce ni na yi kuskuren Hausa, na yarda a ɗora mini.

Ƙanwarki,
Bilqis

Gwarinpa
Oktoba

Ƙanwata Bilqis,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Mu nan alhamdulillahi. Cikina yana nan yadda kika san shi. Sumayyah tana ɗan fama, ta rame kaɗan, amma jiya ta ce mini “Mama” a gaban baƙi.

Wannan karon na karanta duka, har sau biyu. Na yafe miki zagin da ke ciki, yarinta ce. Kuma na gode, domin kin ba ni abin da ban ma roƙa ba.

Na kai wa Baffa. Na ja layi a wuri ɗaya kawai, na karanta masa a kunne: “Irin da ke cikin Sumayyah na gidan Inna ne, ba ta ɗauko komai daga uwarta ba.” Bilqis, tsohon nan kuka ya yi. Ya ce, “Allahu akbar, ashe har cikinta ya san gidansu.” Ya ce likita ta duba da na'ura daga ƙasar waje ta ga yarinya irinmu ce zalla, to me ya rage a tattauna? Ya sa mini albarka, ke ma ya sa miki.

Kin ce kin rubuta wa Justina. To, sai ta je ta karanta wa doyar ubanta. Ta zo jiya da takarda a hannu tana ɗaga wa maigadi, shi kuma ba ya karatu. Na leƙa ta taga na ga ta zauna a bencin har rana ta yi zafi, sannan ta tafi.

An sa ranar zama da mutanenta. Sun ce sai sun gama haƙar doya, wajen ƙarshen shekara ke nan, Baffa ya ce ba komai, mu ba ma sauri. A ranar zan karanta layin nan a gaban ubanta da duk wanda ya kawo. Na san halinsu, za su ce ba su yarda ba, a sake gwadawa a gabansu. Ina so in an sake gwadawa a samu irin nan a cikinta.

Shi ya sa maganar magani ban yi gaggawa ba. Ke da kanki kika rubuta cewa in an sha, gwaji ba zai ƙara ganin komai ba. Na je wajen likitan yaran ni kaɗai, ya ce in kawo ta, na ce to. Ranar da aka tashi daga zaman nan, washegari da sassafe zan kai ta, in sha Allahu. Kafin nan ina ba ta ruwan ɗumi in ta riƙe cikin, kuma tana yin shiru in na goya ta.

Ki kula da kanki, ki dage da karatu. In za ki sake rubutowa, ki ci gaba da yi da Hausa, Baffa yana jin daɗin Hausarki.

Yayarki,
Murja